Rumbu da ƙuda a kan tabarma ɗaya

A Tawa da ƙauyukan Adar, aikin gida na ɗan lise da Faransanci yake zuwa, mutanen gida kuwa da Hausa ko Tamajak suke tunani. Shi ya sa iyaye da yawa ke kau da kai in an buɗe littafi, suna ganin ba su da ta cewa.

Wata yarinya mai shirin jarrabawar Bak ta zo hutu Keita da tambayoyi biyu. Ta farko: in aka ninka faɗin abu mai siffar ganga, tsayinsa bai canza ba, nawa zai ci? Ta rubuta ninki biyu. Kakanta, wanda ya tsufa yana ginin rumbun laka, ya ce a fassara masa. Da ya ji, sai ya yi dariya.

"Amaryata, wanda ya faɗaɗa rumbu ya fi wanda ya ƙara masa tsayi riba. Sake dubawa."

Ta sake. Mai faɗin mita 2 da tsayin mita 2 yana cin mita kubik 6 da ɗoriya. In faɗin ya kai mita 4, sai ya ci 25. Ninki huɗu ke nan, domin rabin faɗin ana buga shi ne da kansa. Abin da hannun tsoho ya sani, alƙalami ya gaskata.

Ta biyu a kan ɗan ƙudan nan ne da ke taruwa bisa ruɓaɓɓen mangwaro. A 1910, a Jami'ar Columbia ta Amurka, Thomas Hunt Morgan ya ga namiji mai farin ido cikin jajaye. Ya haɗa shi da mace mai jan ido, ƴaƴan suka fito jajaye. A jikoki farin ya dawo, kusan ɗaya cikin huɗu. Tsohon bai yi mamaki ba: makiyayan shanun Azawak sun san maraƙi kan tsallake uwa da uba ya ɗauko kamannin kakansa. Sai dai makiyayi shekaru yake jira, ƙuda kuwa cikin mako biyu ya ba da sabon zuriya.

Amma me ya sa masu farin idon duka maza ne? Nan sanin kaka ya ƙare, na jika ya fara.

"Kaka, halin yana kan zaren gado da ake kira X. Mace biyu gare ta, ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri. Namiji ɗaya tak, abin da ke kai dole ya fito."

Malamin da ya sa ɗalibi ya mayar da tambaya cikin harshen gida kafin ya amsa ta bai rage wa Faransanci kome ba. Ɗalibin da ya kasa fassarawa bai gane ba tukuna. Wanda ya iya kuwa ya sami malamai biyu, na aji da na tsakar gida.