Kwana shida a Garnaɗa cikin tsakiyar sanyi, ni da uwargida

Da yawanku sun ga hotunan da Hajiya ta saka a ƙarshen shekara, ana ta tambaya ina ne nan, kuma mi ya kai mu. Wani aminina ma cewa ya yi da kuɗin nan Umra muka tafi da ya fi lada. Ban ƙi tashi ba. Umra mun yi, in Allah ya hore za mu koma. Wannan tafiya kuwa alkawali ce da ta daɗe a wuyana.

Hajiya ƴar Birnin Damagaram ce. Mahaifinta, Allah ya jiƙan shi, shi ke karanta Ashafa a zaurensu duk watan azumi, ita kuma tana bayan ƙofa tana saurare. Nan ta fara jin sunan Andalus. Mai littafin, Alƙali Iyal, haifaffen Sabta ne a gaɓar Maroko, amma ya riƙe alƙalanci a birnin Garnaɗa, wanda Turawa ke kira Granada, a kudancin Sifaniya. Mai Ishiriniya ma, Alfazazi, ɗan Andalus ne daga Ƙurɗuba. Tun muna amare take cewa tana son ta ga ƙasar mutanen nan da idonta. Sai bana Allah ya nufa.

Ba zan ɓoye muku ba, tafiyar tana cin kuɗi. Kuɗin biza kaɗai yuro 90 ne kowane mutum, kusan jikka 59 ke nan, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Kuɗin jirgi da na otel kuwa sai addu'a. Daga Yamai muka bi ta Kazablanka, muka sauka Malaga ranar 30 ga Disamba 2024, daga nan kar ta kai mu Garnaɗa cikin kamar awa biyu. Hanya duk tuddai ne da gonakin zaitun, layi-layi har iyakar ganinka.

To, sanyi. Mu da muke kuka da hunturun Maraɗi, muna hura wuta a ƙofar gida in ma'auni ya sauka zuwa 13, can da asuba kusa da sifiri yake. Garin yana bisa tudu, wajen mita 700 sama da teku, kuma a bayanshi ga duwatsun Siyera Nebada sun yi fari fat da ƙanƙara. Mafi tsawonsu, Mulhasen, mita 3,479 ne, alhali Bagzan namu na Ayar bai wuce 2,022 ba. Sunan ma na sarkin Musulmi ne, Maulaye Hasan, uban sarkin Garnaɗa na ƙarshe. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, sallar asuba sai kusan bakwai. Hajiya ta ce wannan gari na masu nauyin barci ne. Ni dai safa biyu na haɗa, da wando biyu, ga babbar riga a bisa rigar sanyi, yara suna kallona a titi kamar an fito da dodon gona.

Washegari muka hau Alhambara, fadar da ta kawo mu. Wanda ke da niyya ya sani: tikiti tun daga gida ake sayenshi ta intanet, da sunanka da lambar fasfo, kuma akwai sa'ar da aka yanka maka ta shiga ɗakunan sarakuna, in ka makara ta wuce ka. Ranar 1 ga Janairu ma a rufe take. Mutum sama da miliyon biyu ke zuwa kallonta kowace shekara.

Daga waje ba ta da wani ado. Ganuwa ce ja da hasumiyoyi masu kusurwa huɗu, shi ya sa Larabawa suka ce mata Alhamra'u, wato ja. Na shafa bangon da hannuna. Ƙasa ce aka kwaɓa da tsakuwa da farar ƙasa aka daddaɓe, danginsu ɗaya da ginin da kakanninmu suka sani. Sarki Muhammadu ɗan Ahmar ya fara ta a 1238, zuriyarsa ta Banu Nasar suka yi ta ƙari har shekara ɗari biyu da hamsin.

Ciki ne mutum ke rasa bakin magana. Bango tun daga ƙirjinka har rufi sassaƙe yake da zane da rubutun Larabci, ba wurin da za ka ɗora yatsa ba ka taɓa harafi ko fure ba. Mai yi mana jagora yana ta bayani da Faransanci, Hajiya kuwa ta bar mu ta matsa jikin bango tana bin rubutu da ido, leɓenta yana motsi. Can ta jawo hannun rigata ta ce, "Alhaji, dubi nan, ga shi can kuma, ga shi bisa ƙofa. Magana ɗaya ce suke ta maimaitawa." Taken gidan sarautar ne, ma'anarsa babu mai rinjaye sai Allah. Ɗaruruwan wurare aka rubuta shi. Wasu Turawa biyu da ke kusa suka roƙe ta ta karanta musu da ƙarfi, ta karanta, suka ɗauka a waya. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne ruwa. Fadar tana kan dutse, kogin Daro yana can ƙasa, amma ko'ina ka juya ruwa ke gudu: cikin tsakar gida, cikin ɗaki, har bisa hannun matakala a lambun sarki. Ba injin, ba famfo. Sun je can sama wajen kilomita shida suka tare kogin, suka gina magudana mai gangarowa a hankali har ta iso bisa tudun. A tsakar gidan zakuna, wanda Sarki Muhammadu na Biyar ya gina, zakunan dutse 12 ne ke ɗauke da kwano, ruwa na fita ta bakinsu ya rabu hanya huɗu. Na tsaya ina tunanin matan unguwannin Damagaram da ke layin jarka tun dare a watan bazara.

Kada kuma a ɗauka fadar nan haka ta tsaya da kanta. An yi zamanin da aka yi watsi da ita, marasa gida suka tare a ɗakunan sarakuna suna hura wuta, sojojin Napoliyon suka tarwatsa wasu hasumiyoyi da albarushi a 1812 lokacin da za su fita. Daga baya aka tashi gyara, musamman wani magini mai suna Torres Balbas da ya yi aikin daga 1923 zuwa 1936. Har ranar da muka je akwai ma'aikata bisa tsani suna goge wani ɓangare da ɗan buroshi kamar na wanke haƙora. Hajiya ta daɗe tana kallonsu. Wata huɗu kafin nan, a Satumba 2024, ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, inda mahaifinta ya yi salla iyakar rayuwarshi. Ta ce, "Su jikokin waɗanda suka kori masu ginin ne ke lallaɓa shi haka. Mu namu na kakanninmu ne, muna kallo ya faɗi." Na ce mata ai ruwan bana ya wuce misali, kuma su suna da kuɗin baƙi. Ta ce yaɓe kafin damina ba ya bukatar kuɗin baƙi. Ban ƙara ba, don ta fi ni gaskiya.

Daren sabuwar shekara mun leƙa dandalin gari. Al'adarsu in agogo ya buga sha biyu kowa ya ci ƴaƴan inabi 12, ɗaya kowane bugu. Mun ci namu don inabin da daɗi, muka koma ɗaki kafin a fara buɗe kwalabe. Abinci kam sai da lura, don cinyoyin alade a rataye suke a kusan kowane kanti kamar kilishi a tasha. Akwai wani lungu da ke hawa unguwar Albaisin, duk ƴan Maroko ne masu shayi da tajin da kuskus, can muka maida gidan cin abincinmu. Kofin shayi yuro uku, kusan jikka biyu. Na ce wa mai shagon a garinmu da kuɗin nan sai in shayar da majalisa guda har da gyaɗa, ya yi dariya ya ƙaro mana na'ana'a.

Ranar 2 ga Janairu kuma muka tarar da abin da ya fi sanyin nauyi. Ita ce ranar da Sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullan gari ga Fardinan da Isabela a 1492, mulkin Musulmi ya ƙare a Andalus bayan kusan shekara ɗari takwas. Har yau ana bikinta. Ana fito da tuta daga wurin kabarin sarakunan biyu, a kaɗa ta daga benen ma'aikatar magajin gari, jama'a na amsawa. A gefe guda kuma ga wasu ƴan garin, Turawa ƴan uwansu, suna ɗaga alluna suna cewa a daina bikin korar mutane. Mun tsaya daga nesa. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1491 ta ce Musulmi za su ci gaba da addininsu da masallatansu da alƙalansu. Ba a yi shekara goma ba aka fara tilasta musu shiga Kiristanci, aka tara littattafansu a dandalin Bib Rambala aka cinna wuta. A dandalin nan ne yanzu ake sayar da kayan wasan yara da wani soyayyen fulawa mai kama da ƙuli-ƙulin zobe, ana tsoma shi cikin cakuleti mai zafi. Daga 1609 kuma aka kwashe jikokinsu gaba ɗaya, wajen mutum dubu ɗari uku, aka tsallakar da su teku.

Duk da haka harshensu bai saki Larabci ba. Magajin gari alkalde suke ce mishi, tushensa ɗaya da alƙali namu. Kuma zumuncin garin da yankinmu ya wuce littattafan zaure. Abu Ishaƙ Assahili, wanda Mansa Musa ya haɗu da shi a Makka a 1324 ya taho da shi Mali, ɗan Garnaɗa ne, a Tumbutu ya rasu, kuma da sunansa ake danganta masallacin Jingarai Ber. Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leyo na Afirka, nan aka haife shi, littafinsa da aka buga a 1550 ya kawo labarin Agadas da Gobir da Katsina da Kano da Zamfara. Judar Basha kuma, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya daular Songai a Tondibi a 1591, shi ma daga wannan yanki na Sifaniya ya fito. Sun aiko mana da magini, sun aiko mana da mai rushewa.

Juma'a muka yi ta a masallacin Albaisin, wanda aka buɗe a 2003. Hawan tudun da lunguna masu duwatsu ya gwada mini shekaruna, sai da Hajiya ta riƙe mini hannu, muna tafe muna hutawa. A Maraɗi wa zai ga haka bai kai labari kasuwa ba? Daga lambun masallacin kana hangen Alhambara gaba da gaba, ƙanƙara a bayanta. Sahu ya haɗa ƴan Maroko da ƴan Senegal da Turawan da suka musulunta.

Muna saukowa ina yi wa Hajiya mitar gwiwata, sai muka ji an ce, "Baba, sannunku. Daga ina?" Wani saurayi ne mai tallar lema da hulunan sanyi bisa zane a gefen hanya, bai fi shekara 25 ba. Ɗan wani ƙauye ne wajen Kance. Ya bi ta Agadas, ya yi shekara biyu a Aljeriya yana aikin gini, ya shiga Maroko, ya hau kwalekwalen roba. Su nawa suka hau, su nawa suka sauka, bai so ya faɗa ba, mu ma ba mu matsa ba. Da sanyi yana tsinkar zaitun a gonakin Hayen, da bazara yana cikin rumfunan leda na Almeriya inda ake noman tumatir, tsakani kuma talla. Takardun zama har yanzu yana jira, don haka ba ya iya zuwa gida ya dawo. Shekararsa uku yana ganin Alhambara daga ƙasa, bai taɓa shiga ba. Mu awa kaɗan muka yi a sama muka iso inda shi ya ci shekaru.

Hajiya ta ja shi zuwa wurin mai shayi, ta sa aka kawo mishi kuskus da nama, ta zauna tana kallonsa yana ci kamar ɗan cikinta. Ya ce rabonsa da jin Hausar babbar mace ido da ido tun ranar da ya bar gida. Da za mu rabu ya ciro yuro 50 daga cikin safa, da wani bargo da ya daɗe da saye, ya ce, "Inna, don Allah ki kai wa tsohuwata. Kuɗi ina turawa ta waya, amma ina son ta riƙe abin da na taɓa da hannuna."

Sati biyu bayan mun dawo muka kama hanyar Damagaram gaisuwa, muka ratse ta Matamai muka nemi ƙauyen. Tsohuwar tana sussukar gero muka iske ta. Ta karɓi bargon ta kai hanci ta daɗe tana shinshina, kuɗin ko kallonsu ba ta yi ba. Ta tambayi Hajiya ko ya rame. Hajiya ta ce ya yi tsawo, kuma a masallaci muka gan shi ranar Juma'a. Ta sa aka kamo mana zabi biyu, muka ce a bar su, ta ce sam. Suna nan a gidanmu, ɗaya ta fara ƙwai.