Kuɗin da na ce ina ajiye wa yarona



Shekara biyu na yi ina lodi a wata masana'antar ruwan leda a nan Ibadan, kafin na kama shagon hatsi a kasuwar Bodija. A can, in wata ya ƙare sai a ce akanta bai gama lissafi ba. Mu yi ta jira, wani lokaci har kwana ashirin. In kuɗin ya fito kuma sai ka tarar an zaftare wani abu, wai na ledar da ta fashe. Ba takarda, ba bayani. Na sha cewa in na zama maigida ba zan yi wa ɗan kowa haka ba.

Bara, gab da faɗuwar damina, yaron shagona, wanda ɗan garinmu ne, ya same ni bayan la'asar ya ce, "Baba, ina so a yi mini lissafi, zan tafi gida noma." Tun farko mun yi da shi cewa zan riƙa ajiye masa albashinsa kada gari ya cinye masa, in buƙata ta taso ya karɓi kaɗan. Kun san wannan tsari, kusan duk muna yin sa.

Na ɗauko littafi. Bashin masu sayen masara yana ciki har na mudu ɗaya, amma shi babu shafinsa. Na ce wata bakwai yake bi, ya ce tara. Na ce dubu talatin ya karɓa da Sallah, ya ce ashirin. Kuɗin ma ba ya hannuna, yana cikin buhunan wake da na saro. Bai ɗaga murya ba, ya dai sunkuyar da kai, irin sunkuyon da nake yi a ƙofar ofishin akanta.

Wani ɗan ƙungiyarmu lauya na kai wa maganar, ina neman ya ba ni gaskiya. Bai ba ni ba. Ya buɗe mini Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta tun 1974 ne. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takarda cikin wata uku da fara aiki, ɗauke da yawan albashinsa da lokacin biya. Sashe na 15 bai yarda tazarar biya ta wuce wata ɗaya ba. Sashe na 75 kuma maigida ya ɗora wa ajiye rubutun albashi, ya riƙe shi shekara uku. Wato gardamar bakwai da tara ni ya kamata in kashe ta da rubutu, ba yaron ba. Shi ma zaftaren da aka yi mana a masana'anta, sashe na 5 ya hana cin tara daga albashi, ko ɓarna ma'aikaci ya yi da gangan sai da amincewar jami'in ƙwadago.

Na kawo masa hujjar cewa ni ƙaramin ɗan kasuwa ne. Ya ce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma wannan bai sauke mini biya a kan lokaci ba, kuma akwai kotun ma'aikata a nan Ibadan. Yaron ba zai taɓa kai ni can ba, saboda kunyar iyayensa da nawa. A ganina abin da ya sa muke sakaci ke nan.

Na karyar da wake buhu shida, na biya shi a kan lissafinsa. Yanzu ranar 28 ga kowane wata nake tura wa yarana biyu kuɗinsu ta banki, kowa ya sa hannu a shafinsa. Shi kuwa wancan, da kaka ta yi ya dawo Ibadan, amma shagon wani ya kama a layin 'yan albasa.