A Juya Gindinsa Tukuna

Mu da muka daɗe muna sayen kayan gwanjo a nan Legas mun san cewa idan aka buɗe kwantenar kayan gida da ta zo daga Turai, hankalin kowa kan firji da talabijin yake. Kayan gilashi kuwa sai a zube su a kwali ɗaya, a yi musu kuɗin goro. To, a cikin wannan kwalin ne wani lokaci ake samun tulun fure guda da ya fi firjin daraja, yaranmu kuma su sayar da shi kuɗin kofin shayi.

Abin da muke fara koya wa yaro shi ne, kafin ya kalli kyan abu, ya juya gindinsa. Gilashin da maƙeri ya hura da bakinsa, yakan riƙe shi da sandar ƙarfe ta ƙasa yayin da yake gyara bakin. Idan ya ɓalle sandar sai ta bar tabo, mu cibiya muke ce masa. Wani ya bar ta da kaushinta, wani ya goge ta ta zama ɗan rami mai santsi. Na zubin inji kuwa, bi gefensa da yatsa, za ka ji siririn layi inda ɓari biyu suka haɗu. Sannan a duba inda yake zama a kan tebur. Abin da ya shekara hamsin ana jan sa yakan yi ƙananan karce ta ko'ina, ba tsari. Idan karcen duk hanya ɗaya ya bi, to wani ne ya sa masa sanfefa don ya tsufar da shi.

Launi ma yana magana. Mutanen Murano, tsibirin nan na Italiya da aka mayar da maƙeran gilashin Benis cikinsa tun 1291, sun shahara da nutsar da launi cikin launi: ja a ciki, rawaya ta lulluɓe shi, sannan gilashi garau ya rufe duka, ba wanda ya shiga wani. Na Mdina a ƙasar Malta, wanda Bature Michael Harris ya kafa a 1968, yana da kauri da nauyi, launinsa shuɗi-kore kamar ruwan teku haɗe da ruwan ƙasa, galibi an karta sunan Mdina a gindi. Wanda ke ɗauke da sa hannun Harris kansa ya fi tsada nesa ba kusa ba, don bai daɗe a can ba, a 1972 ya bar wajen. Whitefriars na Ingila kuwa, da aka rufe a 1980, yawanci ba ya da sa hannu, takarda kawai suke liƙawa, ita kuma wanki ɗaya ta tafi. Shi sai da ƙira ake gane shi, kamar mai jikin ɓawon itace da suka fito da shi a 1967. Kun ga ke nan ba kowane na zubi ne na banza ba, don shi ma a cikin mazubi aka hura shi.

Wanda ya taɓa zuwa unguwar Masaga a Bida, ya ga yadda suke narka kwalabe su yi awarwaro da duwatsun wuya, ai wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Inda muke yawan saɓani da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa shi ne batun takarda. Takardar da aka rubuta wa Murano ita ce mafi raunin shaida, domin kowa na iya buga ta ya liƙa wa sabon kaya. Idan gindi da nauyi da launi ba su gaskata ta ba, mu ba ma kiran sunan ga mai saye. Mukan ce masa, "Alhaji, aikin hannu ne, ga cibiyarsa, sauran kuma ka kai wa wanda ya fi mu ido." Haka idan an goge tsagewar baki har tulun ya gajarce, wajibi ne a faɗa, don ɓoye aibin kaya ba ya halatta, kuma masu tara irin waɗannan kaya da abin awo suke zuwa.

Yaran shago kuma a riƙa ja musu kunne: kada a wanke shi da ruwan zafi, mai kauri nan take yake tsagewa, kada kuma a kankare takardar jikinsa ko da ta yi datti.