Neman Miya Da Burodi A Unguwar Agege

Duk mutumin Arewa da wata hidima ta taɓa kai shi Ikko ya san cewa bayan cunkoson motoci, babu abin da ke wahalar da baƙo a wannan birni kamar abin da zai sa wa cikinsa. Na san 'yan kasuwa da ma'aikata da dama waɗanda kan yi mako guda a can ba su ci kome ba sai biskit da lemon kwalba, don tsoron kada a ba su naman da ba yankan Musulmi ba, ko miyar da za ta ɓata musu ciki. Ni ma haka na yi a zuwana na farko. Kwana uku ina fama da busasshen burodi da kifin gwangwani a masaukina, har jiri ya fara ɗibata a kan hanya. A rana ta huɗu na ga wannan ba za ta fisshe ni ba, na shiga mota na nufi Agege.

Abin da ya sa na zaɓi Agege shi ne tsohon zangon Hausawa ne. Goron da ake nomawa a gonakin wannan yanki shi ya jawo fatakenmu, kuma da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, sai tashar Agege ta zama wurin da ake loda huhunan goro a yi Arewa da su. Har yanzu unguwar Zango tana nan da masallatanta da Sarkin Hausawanta. Babbar mayankar Ikko kuma, watau ta Oko-Oba, a nan Agege take.

Bayan sallar azahar na gai da wani dattijo mai sayar da goro a ƙofar masallaci, na gaya masa halin da nake ciki. Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, ai ka kwana da yunwa a gindin rumbu." Na ce, "To Baba, ina dabara?" Sai ya ce in riƙe abu uku. Na farko, kada in dubi allon da aka kafa ko fentin bango, in dubi masu cin abincin. Inda direbobi da 'yan dako da mahauta suke cika, nan ne wurin, domin kullum a can suke ci, mai abinci ba ta isa ta cuce su sau biyu ba. Na biyu, in tabbata tukunya tana bisa wuta, in kuma leƙa inda ake wanke kwanuka. Na uku, in tambayi inda aka sayo nama ba tare da jin kunya ba, gama matambayi ba ya ɓata.

Da wannan nasiha na bi ta bayan tasha har na iske wata rumfar kwano cike da jama'a, irin wadda Yarbawa ke kira buka, kalmar da ba ta da nisa da bukkarmu. Mai wurin wata dattijuwa ce Bayarabiya. Na ce, "Alhaja, naman nan daga ina?" Ta amsa mini da Hausa cewa daga Oko-Oba ake kawo mata kowace safiya, kuma ita ma salla take yi. Hankalina ya kwanta, na sami benci na zauna.

Aka kawo mini amala, watau tuwon garin busasshiyar doya, an zuba masa miya iri uku a kwano ɗaya, haɗin da suke kira abula. Da na ɗanɗana sai na ga ashe duk 'yan gida ne. Koriyar mai yauƙi, wadda suke kira ewedu, lalo ne, wanda muke tsinka a bayan gari da damina. Rawayar, gbegiri, miyar wake ce, an surfe shi an dafa ya yi luguf, sa'an nan aka tace. Jar kuwa tattasai ne da attaruhu da tumatir da albasa aka soya da manja. Ƙanshin da ya fara bugun hancina na daddawa ne, su iru suke ce mata, kuma kalwar ɗorawa ce dai irin tamu. Kayan miyar nan ma yawancinsu daga Arewa manyan motoci ke sauke su a kasuwar Mile 12, kamar yadda shanun ke fitowa daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari. Abu ɗaya ne zan gargaɗi mai karatu a kansa. Hannun Yarbawa yana da nauyi wajen attaruhu, saboda haka wanda bai saba ba ya ce a rage masa jar miya.

Da dare na yi marmarin farfesu, kuma a nan ne baƙo ya kamata ya buɗe ido sosai. A wurare da yawa na Ikko, gidan farfesu shi ne kuma gidan giya, wani lokaci har da naman daji wanda ba a san yadda ya mutu ba. Don haka a leƙa tukuna kafin a zauna. Ni dai cikin Zango na koma, inda na sami masu farfesun kayan ciki da na ƙafar sa kusa da masallaci. Romon ya ji kimba da masoro da citta da kanumfari, an kuma jefa masa ɗoɗɗoya irin yadda mutanen Kudu ke so. Na sayi rabin burodi ina tsomawa ina ci, har gumi ya karyo mini.

Wannan burodi kuwa shi ne ya fi fitar da sunan Agege. Ba a yanka shi falle-falle, yana da laushi da danƙo da nauyi a hannu. Ana danganta asalin irinsa da wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, wanda ya zo Ikko a 1913 ya yi aikin reluwe, daga baya ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta, ya kawo injin murza kwaɓi wanda ke ba burodi wannan danƙo. Da sassafe mata ke yawo da shi a faranti bisa kai, da ɗuminsa. Mutanen gari kan tsaga shi su cusa masa ewa agoyin, watau wake da aka dafa ya narke, da wani baƙin yaji na barkono da albasa da aka soya cikin manja. An ce mutanen Binin da Togo suka zo da wannan girki.

Wanda ya fi son abin da ya saba, teburin mai shayi yana nan a kowace kusurwa, kuma samarinmu ne da na Nijar ke riƙe da sana'ar. Sai ya soya ƙwai da albasa da tumatir a gabanka, ya tsaga burodi ya zuba a ciki, ya mai da shi kasko ya danna har bayansa ya yi ƙauri. Turawa suna kiran irin wannan sanwici, ana kuma sayar da shi da tsada a manyan otal. Amma duk wanda ya taɓa naɗe tsire cikin gurasar Jakara a Kano ya san cewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Na yi sauran kwanakina a Ikko ban sake buɗe gwangwani ba, kuma abin da na kashe bai kai kuɗin cin abinci biyu a otal ba. Ban ce a ci duk abin da aka gani ba, gama tsantseni wajibi ne, kuma lafiya uwar jiki. Amma tsantseni yana tafiya ne da tambaya. Wanda ya kulle kansa a ɗaki ya cuci cikinsa, ya kuma koma gida bai san maƙwabtansa ba. Allah ya kiyaye mana hanya, ya ciyar da mu halal. Amin.