Makankarin Teku a Tanderun Inna

Mu 'ya'yan barikin jirgi ne. A Kafanchan aka haife mu, garin da ya bunƙasa tun da titin jirgin ƙasa da ya taso daga Fatakwal ya iso a 1927, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Don haka tun muna ƙanana muka saba da harsuna barkatai da ƙamshin miyar da ba mu san sunanta ba. Sai dai duk wannan cuɗanya tana da iyaka, wato bakin tukunya. Akan yi barka, a yi jaje, amma kowa da abin da yake sa wa cikinsa.

Cikin hunturun 1986, maƙwabciyarmu, matar wani ma'aikacin jirgi mutumin Fatakwal, ta yi sallama ɗauke da jiƙaƙƙen buhu. Ta zazzage wasu abubuwa masu kama da duwatsu, masu kaushi, suna ƙarnin ruwan gishiri. Ta ce daga saiwoyin itatuwan da ke tsirowa inda kogi ke gauraya da teku ake ɓamɓaro su, Turawa kuma na ce musu oyista. Inna ta jujjuya ɗaya ta ce, "Ashe teku ma tana da makankari!" domin sun yi kama da kumbar da muke tsintowa a bakin rafi.

Ita maƙwabciyar risho kaɗai gare ta, Inna kuwa tana da tanderun gurasa. Roƙonta shi ne a gasa a gidanmu, a raba biyu. Nan fa hankalin Inna ya rabu. Mayar da hannun kyauta baya abin kunya ne, amma ba wa yara abin da ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 cikin buhu ba ƙaramar kasada ba ce. Da aka kai maganar gaban Baba, sai ya ce malamanmu na Malikiyya sun halatta naman ruwa, batun lafiya kuwa a bar wa mai sani, tun da da ɗan gari akan ci gari.

Muka kewaye ta muna kallo. Duk wanda ta tarar bakinsa a buɗe sai ta ƙwanƙwasa shi da cokali. "Hajiya, wanda ya ƙi rufe baki ya mutu, shi ne ke kwantar da mutum," in ji ta. Tara muka ƙirga ta watsar, ba ta ko yi jinkiri ba. Sauran muka goge su tas da soso, ta jera su a farantin ƙarfe bisa gishiri, ɓangaren mai zurfi a ƙasa don kada romonsu ya tsiyaye. Da tanderu ya ɗau zafi irin na gurasa aka zura farantin. Bayan kamar minti 10 suka fara wage baki, ta bar su suka ƙara ɗan jimawa. A nan doka ta juya: wanda ya sha wuta bai buɗe ba, shi ma bola. Sai da muka yi karatu muka gane hikimarta. Dabbar tace ruwa take yi ta ci, saboda haka takan tara ƙwayoyin cuta, waɗanda barkono da lemon tsami ba sa kashewa, sai wuta.

Inna ta kawo nata sanin: man shanu, da dakakkiyar cittar Kwoi, da yaji. Maƙwabciyar ta fara ci a gabanmu don ta kwantar mana da hankali, sannan Inna ta yi bisimilla. Naman ɗan mitsitsi ne, mai taushi, mai gishiri-gishiri. Daren nan Inna ba ta runtsa ba, tana ta zagaya mu da fitila tana taɓa goshinmu. Gari ya waye kowa garau. Daga ranar kwano ya fara kai-da-kawo tsakanin gidajen biyu, gurasa ta tafi, miyar ganye ta dawo.

Wata uku kacal aka yi ana wannan zumunci. A watan Maris na 1987 rikici ya ɓarke a garin, ya bazu har Kaduna da Zariya. Kwana biyu ita da 'ya'yanta suka yi a ɗakin Inna, mijinta a zauren Baba. Da ƙura ta lafa suka tattara kayansu suka koma gida, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Ba mu ƙara ɗanɗana makankarin teku ba, domin shekaru ke nan rabon da jirgin Fatakwal ya tsaya a tasharmu. Amma ɓawo biyu da Inna ta adana ba su ɓata ba. Da su ta riƙa kankare ƙanzon tuwo har tsufanta, kuma duk jikan da ya tambayi asalinsu, sai ta zaunar da shi ta ba shi labarin maƙwabciyarta.