Rumbun jama'a, mabuɗi a aljihun magajin gari

A watan Mayu na shekarar 2013, wata uwa a kudancin birnin Shikago, can ƙasar Amurka, ta samu labarin cewa lakwal ɗin ɗiyanta tana cikin makarantu kusan 50 da hukuma ta yanke shawarar rufewa. Dalilin da aka ba ta: ɗalibai sun ragu, kuɗɗi kuma babu. Cikin wannan watan, magajin gari Rahm Emanuel ya bayyana shirin ware dalar Amurka miliyan 55 domin aikin ɗakin wasan ƙwallon kwando da babban otal. Baiwar Allah nan tana biyan harajin gidanta sau biyu a shekara, ba fashi. Sai ta tambayi kanta: ashe aljihun gari biyu ne?

Lalle biyu ne. Na biyun shi ne asusun ƙarin haraji, wanda Amurkawa ke taƙaitawa da TIF. Jihar Kaliforniya ta fara shi a 1952, Shikago kuma ta buɗe nata na farko a 1984. Majalisar gari takan shata iyakar wata unguwa, ta ƙiyasta darajar gidaje da filayenta a ranar, ta tsaida lissafi nan. Tsawon shekara 23, makarantu da sauran ma'aikatu ba su cin haraji sai kan waccan tsohuwar daraja. Duk abin da ya ƙaru sai a zuba shi rumbu na dabam, domin gyaran unguwar. Makarantu, masu kusan rabin harajin gidaje a birnin, ko dai su haƙura, ko a ƙara nauyi bisa sauran masu biya.

Niyyar ba ta da laifi. Doka ta gindaya sharaɗi biyu: unguwa ta kasance ta lalace ko tana kan hanyar lalacewa, kuma a tabbatar ba mai zuba dukiya cikinta in ba da wannan tallafi ba. Amma ƙarin haraji yana fitowa ne inda ƙasa ke da tsada, saboda haka rumbun unguwar masu hali ke tumbatsa, na talakka kuwa ya tashi da ɗan tsaba. Mai shi ake ƙara wa.

A watan Afrilu na 2019, saura ƴan makonni Emanuel ya sauka, majalisa ta amince da tallafin da zai iya kaiwa dala miliyar 1 da miliyan 300 domin hanyoyi da gadojin aikin Lincoln Yards, a wani tsohon filin masana'antu da ke tsakanin unguwanni masu arziki. Ƙungiyoyi biyu na iyaye da mazauna gari suka kai ƙara, suna cewa filin ba ya bukatar taimakon kowa. A watan Satumba alƙali ya kori ƙarar bisa hujjar cewa ba su da hurumin shigar da ita. Ba a ma kai ga auna gaskiyar zancensu ba. A 2025, mafi yawan filin na nan fayau, har banki ya karɓe wani sashe nasa.

Abin da uwar nan ta gane ya fi batun lakwal guda. Tun 2009 dokar gari ta tilasta a buga takardun waɗannan asusai a intanet, amma ganin lissafi bayan an buga hatimi ihu ne bayan hari. Haƙƙin jama'a shi ne a tambaye su kafin a shata iyaka, a faɗa musu wa zai amfana da abin da za a hana wa makaranta, sannan a maida kuɗɗi in alkawari bai cika ba. Kaliforniya da ta haifi tsarin ta rushe hukumominsa kusan 400 a 2012.

Yaron da aka yaye ranar da aka buɗe irin wannan asusu zai yi gemu kafin a rufe shi. Wanda zai ɗaure gumin mutane tsawon wannan zamani, wajibi ne ya fara zama gabansu ya yi bayani, tun ba a aza tubali ba.