Murhun da muka ci da ƙarfe ɗayan dare

A watan Disambar bara an yi dusar ƙanƙara a gidan abincinmu. A waje hazo ya rufe gari, leɓɓanmu duk sun tsattsage, kowa na yawo da man shafawa a jaka, amma a cikin wayar Umma wani farin abu ne ke zubowa ta bayan taga, kwastomomi na shigowa da jajayen huluna masu tuntu. Gidan abincin na wasa ne, kuma mu biyu muke riƙe da shi tun muna aji uku na ƙaramar sakandare. Mu tagwaye ne. Da yake waya ɗaya ce a ɗakin, tun farko muka raba aiki: ɗaya ta buga, ɗaya ta zauna a gefe tana faɗa mata wanda ya kusa yin fushi, in an gama mataki a yi musanya.

Duk wanda ya taɓa irin wannan wasa ya san yadda yake. Kwastoma zai shigo, hoton abin da yake so ya fito a saman kansa, ga wani ɗan ma'aunin haƙurinsa a gefe yana raguwa. Ka ɗora nama a wuta, ka tsiyaya lemo, ka koma ka sauke naman kafin ya ƙone. In ka yi sauri ka samu tukwici, in ka yi nawa ya fice bai biya ba. Da ribar kake gyara kicin, ka ƙara kujeru, ka buɗe sabon reshe. Tsarin ya daɗe. Tun a 2004 aka fitar da Diner Dash, labarin wata mai suna Flo da ta ajiye aikin ofis ta buɗe gidan abinci. A 2014 kamfanin Nordcurrent na ƙasar Lituwaniya ya fitar da Cooking Fever, a shekarar kuma Good Pizza, Great Pizza ya fito. Namu ba ya cikin waɗannan, ƙaninsu ne, irin waɗanda suka cika Play Store har ba ka iya bambance wannan da wancan.

Abu ɗaya ya canza tsakanin 2004 da yau. A da sayen wasan ake yi sau ɗaya, ka biya, an rabu. Yanzu kyauta ake saukewa, masu shi kuma ba sadaka suka fito yi ba. Daga talla suke samun kuɗi, da kuma lu'ulu'un cikin wasa da ake saye da kuɗin gaske. Wanda ya buga sati biyu ya gaji ya goge, ba su ci komai da shi ba, saboda haka dole a samo abin da zai riƙa dawo da mutum. Shi ne bikin yanayi: bayan 'yan makonni sai a turo sabuntawa, a yi wa kicin kwalliya, a kawo kyautar da aka ce ba za a sake ganinta ba, a liƙa agogo a saman allo yana ƙirga kwanakin da suka rage.

Mun ware shafukan ƙarshe na wani tsohon littafin rubutu muna ba kowane biki maki. Da farko kyau kawai muke dubawa, shi ya sa bikin Oktoba ya samu tara cikin goma. Na Halowin ne, wanda ake yi ran 31 ga wata a Amurka da wasu ƙasashe. An jera kabewa masu idanu a kan kanta, yanar gizo a kowace kusurwa, burodi ya koma baƙi. Sai da muka kwana huɗu muna bugawa ɗayarmu ta lura cewa yatsunta ba su koyi komai ba. Inda take dannawa jiya, nan take dannawa yau, daƙiƙun da nama ke ɗauka kafin ya gasu su ne dai. Riga kawai aka canza wa wasan. Na Fabrairu ma haka, an zuba jajayen zukata ko'ina. Na watan Yuli ya ba mu dariya, an kai mu bakin teku ana sayar da askirim wai ana fama da zafi, mu kuwa ruwa ake tafkawa, muna ƙudundune a ɗaki. Zafinmu a Maris da Afrilu yake, lokacin da wasan ke raba furanni.

Ba za mu ce ba mu ƙaru da komai ba. A wasan muka fara jin cewa Amurkawa na da bikin godiya a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, inda ake gasa talotalo. Dusar ƙanƙarar nan ce kuma ta sa muka tambayi malamin labarin ƙasa ko duk ƙasar Turawa sanyi ake yi a Disamba, ya ɗauko ƙwallon taswira ya nuna mana cewa a Ostireliya lokacin ne tsakiyar zafi. Ashe ba mu kaɗai kalandar wasan ta manta da su ba.

Biki ɗaya ne a shekarar ya taɓa ainihin wasan. A cikinsa kwastomomi iyali-iyali suke shigowa, mutum huɗu a tebur guda da ma'aunin haƙuri ɗaya, kuma ba sa fara ci sai abincin kowa ya iso. Dabararmu ta sallamar wanda ya fara zuwa ta rushe. Dole muka koyi fara ɗora abin da ya fi daɗewa a wuta, mu bar lemo sai ƙarshe. Mun faɗi ya fi sau goma, mun yi faɗa, mun shirya. Shi ne bikin da ya fi kowanne rashin ado, shi ne kuma har yau muke labarinsa.

To, mu koma kan na Disamba. Mataki talatin ne, kwana goma. Kyautar ƙarshe wani farin murhu ne mai zanen ƙanƙara, yana ƙyalli. Ashirin na farko kamar shan ruwa, har muna cewa kwana biyar ma ya ishe mu. Daga na ashirin da ɗaya abu ya juya. Kwastomomi suka ninku, haƙurinsu ya gajarce, kayan kicin ɗinmu suka kasa. Rai biyar ake ba mutum, in sun ƙare sai ya jira kusan rabin awa kafin ɗaya ya dawo, ko ya saya, ko ya kalli tallar daƙiƙa talatin. Kuɗin bikin ma na musamman ne, wasu ƙwallayen ƙanƙara da ke narkewa da zarar an rufe, ba ka iya ajiye su don gaba. Yanzu da muke kallon abin daga nesa, a fili yake cewa an gina matakalar ne yadda sai ka hau ka yi nisa, ka ji ba za ka iya barin wahalarka ta tafi a banza ba, sannan a nuna maka farashi. A lokacin ba mu ga haka ba. Saura uku kawai muke gani.

Ranar ƙarshe ta faɗo daren jarrabawar lissafi ta zangon farko. Agogon wasan ba da namu yake aiki ba, da na GMT yake, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya, saboda haka sha biyun darensu ƙarfe ɗayanmu ne. Bayan isha'i muka buɗe littafi kamar gaske. Da Umma ta yi barci ɗayarmu ta lallaɓa ta zaro wayar daga ƙarƙashin matashi, muka shige bargo, muka kashe sauti. Rai ya ƙare, mu kalli talla. Ya sake ƙarewa, mu sake kallo. Tallar sabulu, tallar wani wasan, tallar bashi, mun daina ƙirgawa. Wani saƙo ya shigo ta sama, muka ture shi da yatsa don yana tare mana kan kwastoma. Saura minti shida a rufe muka ci mataki na talatin. Muka rungume juna ba sauti. Batir na kan kashi biyu, ga shi ba wuta. Muka mayar da wayar inda take.

Umma waina take yi, da miyar taushe da sinasir, a rumfar ƙofar gida, kuma yawancin manyan odarta ta waya suke zuwa. Da asuba ta tarar da wayar a mace. Sai wajen ƙarfe goma aka karɓo ta daga shagon mai caji, nan ma ba data, mun ƙone ta tas a kallon talla. Da aka sa wata sai ga saƙonnin wata Hajiya, tsohuwar mai cinikinta, tana neman waina ɗari uku na walimar suna, wadda ta yi wa alkawari ta saɓa mata. Ta rubuto da daddare, ta kira da sassafe ba ta shiga, ta kai cinikin wani wuri. Saƙon da muka ture ke nan.

Mun dawo daga makaranta idanu jawur, ɗayarmu har gyangyaɗi ta yi a kan takardar amsa. Mun shirya wa bulala, amma Umma ba ta ɗauko ba. Cewa ta yi, “'Yan biyu, ku zo ku nuna min abin da kuka samo.” Muka buɗe mata. Ta ƙura wa murhun ido.

“Ya fi na da saurin dafuwa?”

“A'a, Umma.”

“Yana ɗaukar tukunya biyu?”

“A'a.”

“To me ya canza?”

Muka kalli juna. Ɗayarmu ta ce, “Launi.”

Ta karɓi wayarta ta ɗaure a bakin zane. Ta ce tunda sha'awar gidan abinci muke yi, ga na gaske nan, hutun nan gaba ɗaya mu ne a bakin tanda. Sakamako ya fito, 41 da 38 a lissafi. Abba bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallon takardar, mu kuwa da ya yi faɗan da ya fi mana sauƙi.

A rumfar muka ga yadda yanayi ke shiga kicin da gaske. Ba ya zuwa da ado. Da hunturu ƙullu ba ya tashi da wuri, sai Umma ta kwaɓa tun da yamma ta rufe shi a wuri mai ɗumi, mutane kuma kunu mai zafi suke nema kafin waina. A Janairu da Fabrairu tumatirin noman rani na su Kadawa da Kura ya cika kasuwa, miya ta yi ja ba tsoro. In damina ta sauka ya yi tsada, sai a koma kauɗa, a ƙara kabewa, ita ce dai kabewar da wasanmu ke jerawa a kanta don kallo. Da zafi zoɓo da kunun aya ne ke riƙe rumfar, ribar kuma tana hannun mai ƙanƙara. Kowane yanayi sai ya tilasta mata sake lissafi: me za a saya, nawa za a sayar, ƙarfe nawa za a tashi. A wasanmu kuwa farashin tumatir bai taɓa motsi ba tun da muka fara.

A hutun ne Yaya ya dawo daga jami'a da kwamfutarsa, ya ga halin da muke ciki, ya yi mana dariya son ransa, sannan ya nuna mana Overcooked 2. Wani ƙaramin kamfani a Ingila, Ghost Town Games, shi ya ƙirƙiro na farko a 2016, na biyun ya fito a 2018 tare da Team17. Har mutum huɗu ke iya shiga kicin ɗaya, wannan na yanka, wancan na wanke faranti, kowa na yi wa kowa ihu. Shi ma yana da nasa bukukuwan: na Kirsimeti a Disambar 2018, na sabuwar shekarar Sinawa a Fabrairun 2019, da na bikin wata a Oktoban 2020, inda ake haɗa kek ɗin wata ana tsallakawa ta kan ganyen bado. Kowanne ya zo da sabon kicin da sabon girki, wato sai kun sake raba aiki. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ba agogo. Muka tambayi Yaya yaushe za a rufe, ya ce ba a rufewa, ga na 2018 nan yana jiran duk mai so. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wannan sayensa ake yi tun farko, masu shi sun riga sun karɓi kuɗinsu, ba su da buƙatar hana kowa barci. Ba kowa ke da kwamfuta ko kuɗin saye ba, mu ma aro muka ci. Amma ya nuna mana cewa agogon nan ba dole ba ne, wani ne ya zauna ya zaɓi sa shi.

Mun koma littafinmu mun sake makin. Na Oktoba ya sauko daga tara zuwa uku. Na iyalai ya hau takwas. Na Disamba mun yi ta gardama, ɗaya ta ce sifili, ɗaya ta ce ai matakan tsakiya sun yi daɗi kuma ba wasan ne ya zaro waya daga ƙarƙashin matashi ba. Har yau gurbin a buɗe yake.

Akwai wanda muka manta ba mu ambata ba. An taɓa yi mana na azumi, aka rataya fitilu da jinjirin wata, kwastomomi kuma suka ci gaba da cin nama da rana tsaka. Da mu aka tambaya, mun san yadda za a tsara shi, don mun gani a rumfar Umma. Shago shiru tun safe, kana ta jiƙa wake da tsamiya, ba ko sisi da ke shigowa. In ka soya ƙosai da wuri ya huce, in ka makara layi ya fi ƙarfinka. Ana saura minti ashirin a kira sallah kowa ya zo a lokaci ɗaya, haƙurin kowa ya kai ƙarshe, kai ma ba ka sha ruwa ba. Kuma duk shekara bikin zai matso da kwana goma sha ɗaya, yau a zafi, wata rana a sanyi, kayan da za a nema su canza. Mun zana matakai shida a bayan littafin, har da wanda gas ke ƙarewa ana tsakiyar suya.

Sai bayan sati shida Umma ta sake bari muka taɓa wayar, Asabar da Lahadi kawai, bayan la'asar, kuma da datar da muka saya da kuɗin tararmu. Muna buɗewa sanarwa ta faɗo: sabon biki, kwana bakwai, kyautar ƙarshe firiji mai furanni. Muka shiga muka duba jerin abincin, babu sabo ko ɗaya. Farin murhun na nan a kusurwa yana ta ƙyalli a tsakiyar zafin Fabrairu. Mun buga mataki biyu a tsohon reshenmu, sai Umma ta ƙwala kira daga rumfa, wai a zo a tsince shinkafar gobe.